Gidan Abinci a Garin Surukai

Tun kuna ƙanana kuke jin ana faɗa a gidajen biki cewa ni na shirya wa kakanku abin kunya a tsakiyar kasuwar Batsari. Kowa da irin gishirin da yake ƙara wa labarin, har na taɓa jin wata tana rantsuwa wai da idonta ta ga ina dariya. Ban yi dariya ba. Halin da nake ciki a ranar, ko cakulkuli aka yi mini ba abin da zai fito. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, don in kun sake ji a wani wuri ku san abin da za ku zubar.

Sana'ata kun san ta, zanen gini. Na yi shekaru a Kaduna a ofishin wani mai tsara gine-gine, mu ne masu zana cikin kantuna da ɗakunan shan magani da wuraren cin abinci tun birkila bai ɗora bulo ko ɗaya ba. Maigidan nawa mafaɗaci ne, amma abu guda ya dasa mini wanda har yau ina yi masa addu'a a kai. Ya ce kada in kuskura in taɓa fensir sai na zauna na kalli mutanen da za su shiga ginin. Ta ina suke zuwa, me suke ɗauke da shi, a ina suke tsayawa, wa suke son gani, wa kuma ba su son ya gan su. Ado da fenti duk daga baya ne. Na iya aikin, kuma ba yabon kai ba ne, a Kaduna ana nemana da suna. A Batsari ne kawai takarduna ba su da daraja, a gidan mutum ɗaya, kuma shi ne mutumin da na fi son ya ga darajarsu.

Kakanku, Baba Alhaji, wanda ko a rubuce hannuna ba ya iya kama sunansa, mahauci ne ɗan mahauci. Tukubarsa ce ta fi kowace cika a kasuwa, kuma a wurinsa sana'a ita ce abin da in ka taso da yamma za a ga shaidarsa a rigarka. Ya ba ni uwarku, 'yarsa ta fari, ba tare da wahalar da ni ba, amma waɗanda suka je neman auren sun kawo mini yadda hirar ta kasance.

"To shi yaron mi yake yi?"

"Zanen gida yake yi, Alhaji."

"Shi zana shi gina?"

"A'a, shi ya zana, wasu su gina."

Suka ce ya jinjina kai, sannan ya ce, "To, Allah shi ba shi sana'a."

Wannan addu'a ta zauna mini a maƙogwaro har aka haifi biyu daga cikinku. Ba ya wulakanta ni, duk sallah sai ya aiko da cinya sukutum, amma irin aiken da ake yi wa gidan da ake tausayi ne. Ni kuma abin yana cin raina, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ga shekarar da ya je Abuja duba wani abokinsa, aka kai shi wani gidan cin abinci. Ya dawo kamar an yi masa turare. Gaban ginin duk gilashi ne, ciki fili guda fetal, fitilu ko'ina, wanda ke kan titi yana ganin na ciki, na ciki yana ganin kowa. Yana da fili a bakin kasuwa da ya daɗe yana ɗaure dabbobi a ciki, ya ce a nan zai yi irinsa, kuma garkensa zai taɓa don ya yi shi. Ya aiko mini Malam Ila, amininsa, dillalin shanu, da saƙo har Kaduna. Wai in zanen nan nawa yana da amfani in zo in yi, in kuma babu, akwai wani a Kano. Na nemi hutu mai tsawo, maigidana ya ce ofis ba gidan ubana ba ne, in zaɓa. Na tattara fensirorina da tef ɗin awo na zaɓa. Uwarku ta ce na haukace, amma tana faɗa tana haɗa kaya.

Matakin farko a aikinmu shi ne ka zauna da mai gini ka tatse shi da tambaya, ka yi masa gardama in ta kama. To ni ta yaya? Iyakar abin da ke shiga tsakanina da Baba Alhaji shi ne in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi in ɓace. Uwarku ma ba hanya ba ce, don 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, in za a yi maganarta sai ya ce waccan ta gidan mai zane. Sai aka shirya cewa shi zai zauna cikin zaurensa, ni in zauna a waje gindin darbejiya, Malam Ila ya riƙa kai da kawowa. Tsakaninmu bangon laka ne kawai da taga a buɗe, duk abin da ɗaya ya faɗa ɗaya yana ji, amma sai mu yi kamar ba mu ji ba har saƙo ya iso. Shi kuwa Malam Ila duk rayuwarsa a tsakanin mai saye da mai sayarwa ya yi ta, bai taɓa kai magana yadda aka ba shi ba. Sai ya goge ta, ya shafa mata mai.

Na ce, "Malam Ila, a tambayar mini Baba, su wa yake so su riƙa cin abinci a wurin?"

Ya shiga ya faɗa. Na ji Baba Alhaji ya ce, "Masu baki mana! Wagga wace irin tambaya ta?"

Malam Ila ya fito yana murmushi ya ce, "Ya ce tambayarka ta yi ma'ana ƙwarai, kowa da kowa yake so."

Na ce, "Mata fa, ta ina za su shiga?"

Daga ciki na ji, "Ta ƙohwa! Ko a Kaduna ta rufi suke shiga?"

Malam Ila ya dawo ya ce, "Ya ce wannan ya bar maka, kai ne masani."

Da na ga wannan hanya ba za ta kai ni ko'ina ba, sai na koma ga abin da aka koya mini. Duk ranar kasuwa in sami gefen rumfar wani mai goro in zauna in yi ta kallo. A garin aka haife ni, amma ban taɓa kallon yadda muke cin abinci da idon aiki ba sai a lokacin. Na ga mutum ya sayi tsire a tukubar Baba Alhaji, an naɗe masa a takarda, ya cusa a aljihu ya bi ta bayan rumfuna kamar wanda ya yi sata. Na ga masu cin tuwo a rumfar mata duk sun ba hanya baya, goshinsu ya kusa taɓa zana. Na ga wani magidanci daga Tsaskiya ya ɗauko loma, ya hango uban matarsa ya ɓullo da akuya, kafin ka ce me ya tura kwanon ƙarƙashin benci ya hau gyaran hula. Makiyaya kuwa in sun saya sai sun yi nisa har sun zama ɗigo kafin su zauna. Kuma ku tuna, tsakanin Batsari da Safana da ƙauyukansu auratayya ta sarƙe ko'ina, da wuya ka jefa tsakuwa ranar kasuwa ba ta faɗa kan surukin wani ba. Na gane cewa in aka gina fili guda mai gilashi, zai zama wuri mafi kyau a garin, kuma ƙuda kaɗai zai ci abinci a ciki.

Na koma gindin darbejiya na tattaro duk ƙarfin halina.

"Malam Ila, don Allah wannan karon ka faɗa yadda na faɗa. Ka ce wa Baba ɗakin nan in an gina shi haka, ba wanda zai ci abinci a cikinsa."

Ya ce, "An gama." Ya shiga, ya gyara murya. "Alhaji, ya ce ɗakin zai yi kyawun da har mutane za su ji nauyin ɓata shi da ci."

Baba Alhaji ya ce, "Madalla. Ashe dai yana da ɗan hankali."

Ina zaune ina ji, ba halin in ɗaga murya in gyara, don in na yi haka na yi wa surukina magana ta taga. Na dawo gida na kwanta rigingine ina kallon rufi. Hanya biyu ce a gabana. In zana masa abin da yake so, ya yaba mini na ɗan lokaci, garkensa ya narke a ginin da ba kowa, sannan a ce mai zane ne ya kashe shi. Ko in ƙi, a kira na Kano, gari ya ce ko surukinsa bai yarda da aikinsa ba. Uwarku tana tankaɗe a tsakar gida, ta leƙo ta ce,

"Kai da kake zana wa mutane ƙofa ka rasa ta shiga wurin Baba."

Na ce, "Ke da kika fito daga gidan, nuna mini."

Ta ce, "Ni? Rabona da in ji muryarsa a kaina tun ina rarrafe. Amma abu ɗaya na sani, Baba ba ya jin magana da kunne. Sai ya gani."

Wannan ya tuna mini da abin da muke yi a Kaduna in mai gini ya kasa fahimtar takarda. Mukan je filin mu shata ginin a ƙasa da girmansa na gaskiya, ya shiga ya zaga ya ji a jikinsa. Na aika Malam Ila ya ce kafin a sayi bulo ina so a gwada ɗakin, a shata shi da toka, a jera benci, a ba mutane abinci a ga yadda zai ɗauke su. Ban san yadda ya goge maganar ba, amma Baba Alhaji ya yi murna, ya ce sadaka ce ma, zai yanka sa, a yi shela.

Na kafa turaku, na ja igiya, na bi layi da toka. Ga bango, ga ƙofa, ga wurin zuba abinci, ga dogon layin gaba inda gilashi zai tsaya. Aka jera benci suna fuskantar juna yadda ya gani a Abuja. Ranar kasuwa hantsi na yi mutane suka fara zuwa, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda suka girmama tokar nan. Ba wanda ya tsallaka. Kowa sai ya zagayo ta ƙofa, ya yi sallama, ya tuɓe takalmi. Wani saurayi da ya yi gaggawa ya ɗaga ƙafa zai ƙetare, wani tsoho mai sanda ya daka masa tsawa.

"Kai! Katangar mutane za ka haura da rana tsaka?"

Aka cika benci, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, nama har ya fi tuwon yawa. Aka wanke hannu, aka yi bismillah. Sannan aka ɗaga kai. Wani manomi daga Darini ya ga uban matarsa daidai gabansa, ya zame daga benci ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗauki kwanonsa ya koma can gefe, yana zama ya ga yayan uwar matarsa yana kallonsa. Ya sake tashi. Nan da nan wuri ya zama kamar ana wasan canjin kujera, kowa riƙe da kwano yana neman inda zai ba da baya, kuma duk wanda ya ba wani baya sai ya tarar ya ba wani gaba. Ga kuma mutanen kasuwa sun jeru a bayan layin gilashi, mata da tallansu, 'yan babur, masu wucewa, duk sun zuba ido. Makiyaya suka tsaya can nesa suka dogara da sanduna suna kallon ikon Allah. A duk ɗakin nan masu ci ba su wuce wani direban babbar mota baƙo ba, wanda ya share kwanonsa ya jawo na maƙwabcinsa, da tsohon nan mai sanda, wanda ya riga ya binne surukansa duka. Sauran sai aka fara zare tsoka ana sakawa a aljihu a hankali. Miya ce kawai ba ta shiga aljihu, ta zauna tana sanyi.

Ina tsaye a gefe ina cewa a raina, to, yau dai ya gani. Ashe ban gama sanin surukina ba. Ya fito daga wajen tukwane fuska a murtuke, ya tsaya a tsakiyar toka.

"Kunyar banza da wofi! Can Abuja minista na ci gaban direbansa, ku nan an ba ku nama kyauta kuna raba ido! A kawo mani kwano!"

Ya zauna a bencin tsakiya, ya naɗe hannun riga. Sannan ya ɗaga murya yadda har masu awon gero za su ji.

"Ila! Ka ce wa wancan shi zo shi zauna nan gabana shi ci. Tunda ɗan boko na, shi nuna masu yadda ake yi."

A karo na farko a rayuwarsa Malam Ila ya rasa yadda zai gyara magana. Ya zo kusa da ni ya ce, "Ka ji dai." In na ƙi, na bijire wa surukina a gaban kasuwa. In na ci, na zama marar kunyar da za a riƙa nuna wa yara har jikoki, kuma na tabbatar masa da cewa ɗakinsa zai yi aiki. Ƙafafuna suka kai ni ba da shawarata ba. Na zauna a bakin benci, na wanke hannu har sau nawa ban sani ba, na tsoma shi cikin tuwo, ya tsaya a can. Baba Alhaji kuwa, don ya nuna wa duniya, ya yanko loma irin ta mahauta, ya ɗora mata tsoka, ya tura a baki.

Daidai nan babur ya tsaya a bakin fili, aka sauko da wata 'yar tsohuwa ƙarama cikin lulluɓi. Iya ta Karare ce, kakar uwarku ta wajen uwa, wato uwar matar Baba Alhaji. Matar da in ya hango ta a hanya yakan sake hanya, wadda bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Ta zagayo ta ƙofa, ta yi sallama, ta tako a hankali har tsakiyar ɗaki, ta zauna kusa da ni, ido cikin ido da shi.

Baba Alhaji ya sulale daga benci ya durƙusa, kumatu a cike. Ba halin taunawa, ba halin haɗiyewa, ba halin tofarwa. Iya kuwa ta gyara zama ta fara gaisuwa irin ta mutanen da, wadda ba a tsallake komai.

"Alhaji, an yini lahiya?"

"Mm."

"Ya iyali?"

"Mm."

"Ya ɗiyata, tana nan lahiya?"

"Mm."

"Ya kasuwa? Ya dabbobi? Ya muka ji da ruwan bana?"

"Mm. Mm."

Ta ɗan karkata kai ta dube shi da tausayi. "Wayyo, Alhaji, ko haƙori na? Ga kunci ya kumbura. A samo mashi kanumfari."

Sannan ta juyo gare ni, don ni mijin jikanyarta ne, akwai wasa tsakaninmu. "Kai kuma angona, hannun maƙalewa ya yi? In kira a jawo ka?"

Ba wanda ya yi dariya. Kafaɗu dai suna rawa, wasu sun cusa hula a baki, amma ana jin nauyin Alhaji. Shi kuwa ya ɗaga ido yana neman inda zai fake, ya duba gabas, ya duba yamma, a ɗakin da shi da kansa ya ce kada a sa masa ko labule. Da ya ga babu, ya miƙe ya tattare riga ya keta ta layin gaba a guje, ya shige bayan babbar motar baƙon nan. Sai tsoho mai sanda ya ɗaga murya cikin tashin hankali na gaske.

"Innalillahi! Alhaji ya hwasa gilashi!"

A nan kasuwa ta fashe. Ni dai ina zaune hannuna cikin tuwo, kuma abin da nake ji a raina shi ne na gama yawo.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe. Ban aika a ɗauko Iya ba, ban san za ta zo ba. Uwarku ce ta tura mai babur Karare tun da safe. Na tambaye ta a ranar, ta buɗe ido ta ce, "Sadaka ake yi, a yanka sa guda, a bar tsohuwa ba ta samu ba? Wane irin rashin zumunci ne wannan?" Har yau a kan wannan amsa take, kuma tana nan da ranta, ku je ku gwada sa'arku.

Amma ni aka ɗora wa. Gari ya ce ɗan boko ya haɗa wa surukinsa tarko. Na je gaisuwa washegari, na durƙusa har gwiwata ta yi sanyi, bai amsa ba. Na koma, bai amsa ba. Malam Ila ya ce mini Alhaji yana yaba hankalina ƙwarai, daga nan na san abin ya ɓaci sosai. Aka ce an aika wa na Kano. Aikin Kaduna ya riga ya tafi, an ɗauki wani a kujerata. Sauran daminar nan a gonar yayana na ƙarasa ta, ina noma da hannun da bai saba ba, masu wucewa suna tambayata ko kunyar ma sai na shata ta da toka. Na yi baƙin ciki a watannin nan irin wanda ban taɓa yi ba, kuma ba rashin aikin ne ya fi ci mini rai ba. Na yi gaskiya, na yi aikina yadda ya kamata, kuma mutumin da na yi don shi ba ya amsa gaisuwata.

Bayan an yi girbi, wata safiya na tafi filin don in tuge turakuna, kada na Kano ya zo ya ce na bar masa shara. Ruwa ya daɗe da wanke tokar. Ina isa na tarar da Baba Alhaji tsaye a tsakiya shi kaɗai, riƙe da kara, ya ba ni baya. Na duba ko'ina ban ga Malam Ila ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ban sa ran amsa ba. Bai amsa ɗin ba. Sai ya yi magana yana kallon wani turke.

"In mutum zai yi katanga wadda in ana zaune ba a ganin juna, in an miƙe a gani, ina za ta tsaya?"

Na waiga in ga da wa yake. Ba kowa sai ni da turken. Na ce, "Daidai ƙirji, Baba."

"Ƙirjin wa? Mutane ba tsawonsu ɗaya ba."

Wallahi tambaya ce ta mai hankali, irin wadda na yi wata da watanni ina jira. Na ce ba da tsayuwa ake aunawa ba, da zama ake aunawa, a zaunar da dogon mutum da hularsa a ɗara kaɗan. Ya ce to. Daga nan ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina ina ja da ƙafa a ƙasa ina nuna masa, shi yana kallon ƙasar, ni ina kallon ƙasar. Ƙananan lunguna maimakon fili guda, kowane da gajeriyar katanga, mai kai abinci yana tsaye yana ganin kowa, masu ci ba sa ganin juna. Ƙofa biyu, ta kasuwa da ta baya, don wanda ya hango abin da ya fi ƙarfinsa ya samu ta fita. Ɓangaren mata da mashigarsa daban. Taga a gefe ta masu saye su tafi, da rumfa can baya mai kallon daji saboda makiyaya. Tagogi a sama, iska ta shiga ido bai shiga ba. Yana ji yana gardama, ina ba shi amsa, har rana ta ɗaga.

"Gilashin fa?" in ji shi.

Na ce a sa shi a gaban nama, shi ne ba ya jin kunyar a kalle shi. Na ga kafaɗarsa ta motsa, amma bai bari na ji sautin ba. Sai ya taka zuwa kusurwar gabas, ya ja layi ɗaya da karansa, ya dangwala nan, ya dangwala can.

"Wanga wurina na. Wancan na mai zane. Ka sa katangar ta yi kauri."

Haka aka gina shi, kuma kun ga yadda yake cika har yau. Daga shi aka fara kirana Safana da sauran wurare, shago nan, ɗakin shan magani can, ban sake komawa Kaduna ba. Amma ni ribata tana kusurwar gabas. Duk ranar kasuwa in an yi azahar, shi ya shigo ta ƙofar gaba, ni ta baya, kowa ya zauna a gefensa, a kawo mana kwano bibbiyu. Sai ya yi gyaran murya, in gaishe shi, ya amsa. A bayan katangar nan ya ba ni labarin ubansa, da shekarar da cuta ta share masa garke, da yadda ya tsaya a bayan ƙofa ranar da aka haifi uwarku yana jin kukanta, kunya ta hana shi cewa a miƙo masa ita. Yakan tambaye ni lafiyarta a kaikaice, ni kuma in kai mata, ta yi kamar ba ta damu ba ta shige ɗaki. Mun yi gardama a kan siyasa, a kan taki, a kan sunayen da na sa muku. Shekaru masu yawa muna haka, kuma in muka haɗu a waje, sai in tuɓe takalmi in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri.

Ranar da ya rasu ban yi kuka ba, ni ke tsaye a kan karɓar baƙi da shimfiɗa tabarmi. Kasuwar da ta biyo bayan addu'ar bakwai, ƙafata ta kai ni ta ƙofar baya yadda ta saba. Na zauna, aka kawo mini kwano, na wanke hannu, na zauna ina jiran gyaran murya don in yi gaisuwa. Na daɗe ina jira kafin na tuna. A nan ne abin ya zo mini, na kifa kai a kan tebur na yi kuka irin na yara, ɗakin cike da mutane ana ta ci ana hira. Katangar daidai take yadda na auna ta. Ba wanda ya gan ni.